Benen Agwagin Baffa Badamasi

A bakin gonar shinkafa suka ƙulla maganar, can fadamar Haɗeja. Usaini karatun zanen gine-gine yake so, mahaifinsa kuwa ya ce shagon taki zai zauna. Mutum ɗaya ne uban ba ya tsallake maganarsa, wato yayansa, Baffa Badamasi.

"Ka zana mini akurki a nan gona, ka tsaya a gina," in ji Baffa. "In ambaliya ta zo abin da ke ciki bai jiƙe ba, ni zan tanƙwara ubanka. In ya jiƙe, sai awon taki."

Usaini ya yarda. Ya bi jikin bishiyoyi yana duba inda ruwan bara ya tsaya, ya sa aka ɗora akurkin bisa dogayen azara, da tsani, har da 'yar tagar shan iska. Masu babur har tsayawa suke yi suna kallo. Abu ɗaya ne bai tambaya ba: wa zai kwana a ciki? Shi kaji ya sa a ransa.

Ranar tarewa sai ga Baffa ya koro agwagi.

"Baffa, agwagwa ai ba ta hawa tsani!"

"Ka tambaye ni? Ba kai ne mai zane ba? Zana musu ƙafa mana."

Agwagi suka zagaya benen, suka yi kashi a gindinsa, suka tafi abinsu. Tun daga ranar Usaini ya fara jin warin taki a hancinsa.

Da damina ta yi nisa, wata safiya kogi ya ɓalle. Usaini ya roƙi Ari masunci ya kai shi gonar a kwalekwale. Suka tarar da agwagi na ta iyo kamar bikinsu ake yi. A taga kuwa ga wata hula, ƙarƙashinta Baffa ne, rungume da rediyo da buhun iri. Ashe ruwa ne ya ritsa da shi ya haye, ya kutsa ta ƙofar kaji, tumbi kuma ya hana shi fitowa.

"Alhaji, an yi ƙwai kuwa?" in ji Ari.

Usaini ya russuna. "Ina kwana, Baffa. Abin da ke ciki ya jiƙe?"

"Bai jiƙe ba, ja'iri! Ku ciro ni!"

Sai da aka ɓamɓare katako aka zaro shi. A cikin kwalekwale, yana kakkaɓe riga, ya ce, "Je ka yi karatun, zan ga ubanka. Amma kafin ka ja layi, ka tambayi mai gida wa zai shiga. Ƙofa kuma ka ƙara mata faɗi, ba ka san wanda Allah zai kawo ba."

To, Usaini dai ya ci riba, yana makaranta. Agwagi ba su rasa komai ba. Baffa ne ya yi hasara, don har yau in ya shiga kasuwar kifi sai wani ya yi masa carar zakara.