Sarkin da Malam Ormerod Ya Naɗa

Malam Cuthbert Ormerod ya yi furfura yana koyar da tarihi a makarantar maza ta garinsu a Yorkshire, amma kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Ya shafe mako yana bayanin harajin ulu, in ya yi tambaya, abin da yaran suka riƙe bai wuce sarkin da ya ƙona burodi da wanda ya yi ta sauya mata ba.

Takaici ne ya sa ya ƙirƙiro wata al'ada. Ranar ƙarshen zango sai ya koyar da tarihi a baibai, ya yi ta shara ƙarya fuska a murtuke, duk yaron da ya kama shi ya sami alewa. A nan ya naɗa Sarki Egbald Mai Nawa, wanda wai ya dakatar da yaƙi da mahara don lokacin shayi ya yi, alhali a zamanin ko ƙanshin shayi bai iso Ingila ba.

Abin da ya sa rai a kai shi ne littafinsa kan cinikin ulu, aikin rabin rayuwarsa. Ya aika wa wani kamfanin ɗab'i a Landan inda tsohon ɗalibinsa Lionel Bagshaw ya zama edita. Da ya ji Bagshaw zai zo da kansa, sai da ya sa matarsa Edith ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai limamin coci ya zo.

Bagshaw ya iso, ya yi ƙiba, ya cinye kek ɗin Edith tas. Littafin ulu kam, in ji shi, aiki ne na malanta, sai dai wa zai saya? Abin da kamfani ke so shi ne darussan ƙarshen zango, a haɗa su littafin barkwanci, a kwaikwayi littattafan makaranta har da tambayoyin jarrabawa. Ya yi ta jero ƙaryayyakin ɗaya bayan ɗaya yana ƙyaƙyata dariya, ko ɗaya bai manta ba. Zuciyar Malam ta yi baƙi ƙirin. Wannan yaron fa a aji ko sunan kogin garinsu sai an tuna masa.

"To ka ƙara da Egbald, tunda shi ne gwaninku," in ji Malam a daƙile.

"A'a, Malam, a bar na gaskiya a gefe," Bagshaw ya ce yana kakkaɓe ɓurɓushi daga cinyarsa. "Shi ai bara na sa shi a sabon littafin tarihinmu na 'yan aji uku. Marubucin ya tsallake shi, na ce ba zai yiwu ba, daga bakin malamina na ji."

Malam ya ajiye kofi a hankali. Ya tuna ranar: babu yaron da ya ɗaga hannu a kan Egbald, shi kuma ƙararrawa ta kaɗa bai warware musu cewa ƙarya ce ba.

"Wace makaranta ta sayi littafin?"

"Duk na lardin nan. Ai da shi za ka koyar bayan hutu, Malam."