Dokar Malam Wakili

Duk wanda ya yi kulob ɗin 'yan jarida a hannun Malam Wakili a sakandaren Yelwa ya san dokarsa: ba a manna labari a allon sanarwa sai an je an karanta wa mai labarin, ko da masunci ne a tsibiri tsakiyar ruwa. Malam zai zaro kuɗin kwalekwale daga aljihu yana mita, ya ce a tafi.

Mardiya ta sha wannan tafiya, har da amai a hanya. Yanzu da take aikin rediyo, ita tsofaffin ɗalibai suka ɗora wa sanar da gidauniyar da suka kafa da sunansa, don ɗaukar nauyin 'yan jaridar makarantun Yauri, Ngaski da Shanga. Sai dai doka doka ce. Dole ta fara karanta masa sanarwar, in kuwa ya ce a'a, magana ta mutu. Ga Malam mutum ne da yabo ke sa wa ƙaiƙayi.

Ta same shi kwance a gindin mangwaro, shanyewar ɓarin jiki ta rage shi ƙwarai. Tausayinsa ya kama ta har ta rasa gaisuwar kirki. Can gefe matarsa, Inna Hawwa, tana bandar kifi.

Ta fara karatu da muryar rediyo. Da ta zo inda aka ce daga albashinsa yake biya wa yara kwalekwale, sai ya ɗaga hannun mai lafiya.

"Tsaya. Wa ya hwaɗa miki albashina ne?"

"Kowa ya sani, Malam."

"Kowa ba shaida ba ne. Albashin da ba ya ganin tsakiyar wata?" Ya nuna wajen hayaƙin da baki. "Kihinta ne ya kai ku tsibiri. Ita ka sa min kuɗin a aljihu kahin in hita, ni nawa mita ce kawai."

"Kai Malam, ciwo bai hana ka surutu ba," in ji Inna Hawwa, tana share ido da bakin zane, wai hayaƙi ne.

Kunya ta rufe Mardiya. Sau nawa ta ci tuwo a gidan nan, ba ta taɓa tambayar inda kuɗin ke fitowa ba!

"To kun amince, Malam?"

"Ba ni za ki tambaya ba. Kin san doka."

Mardiya ta ɗauki kujerarta, ta ratsa tsakar gida, ta zauna kusa da murhun.

"Inna, daga yau gidauniyar Hawwa da Wakili ce. In karanta miki?"

Tsohuwar ta ajiye kifin da ke hannunta, ta gyara zama.

"Karanta, ɗiyata, amma a hankali. Duk shekarun nan ban taɓa jin abin da kunka rubuta ba."