Hular Buhu

Namadi ya ɗaga gungumen kankaren kamu ɗaya daga ƙasa, ya tsayar da shi, ya duba mitar nauyi da ke gaban kujerarsa. Tan takwas cif. Ya sauke shi a hankali, ya leƙo ta tagar motar ƙugiyar ɗaga kaya ya ɗaga wa Injiniya Shafi'u babban yatsa.

"Takwas! Muna da rarar tan ɗaya."

"Madalla. A ci abinci, bayan azahar mu ɗora."

Gada ce ƙarama ake yi kan wani rafi da ke zuba cikin Gulbin Zamfara, bayan garin Gummi. Gungumen zai tsallaka daga bakin gaɓa zuwa ginshiƙin tsakiya, kuma idan motar ta miƙa hannu har can, tan tara ne iyakarta. Ta wuce haka, sai ta ci da baka. Ɗan kwangilar farko da ya zuba gungumen ya tafi da takardunsa, don haka ba wanda ya san nauyinsa sai abin da mita ta faɗa.

Ita kuwa mitar jiya-jiya aka saita ta, bayan an sauya mata wani abu da ya ƙone. Saitin yana buƙatar kayan da aka san nauyinsu, a rataya, a ce wa mita ga yadda tan kaza yake. Ƙarafan gwajin kamfani suna cikin wata babbar mota da ta lalace kusa da Anka kwana shida ke nan. Namadi ne ya kawo dabara. Ya je wurin Alhaji Magaji mai sayen shinkafa ya aro buhu arba'in, kowanne an buga masa kilo ɗari a jiki, ɓaro-ɓaro. Tan huɗu ke nan. Injiniya ya yi ta yabonsa a gaban leburori, shi kuma, gaskiya, kansa ya ɗan kumbura.

Ai dole. Shekara ashirin da shida rabonsa da zama a Gummi. Ya bar gari da riga ɗaya, ga shi yau ya dawo a kan motar da ta fi rimin kasuwa tsawo, tsofaffi suna zuwa kallo suna cewa, "Wanga ba ɗan Tsoho masunci ba ne?"

Yayarsa Husaina ce ke kawo wa ma'aikata abinci. Shi ya nema mata, kamar yadda ya nema wa mijinta Makau aikin riƙon igiya. Makau da wani lebura, Jatau, su ne za su tsaya kan ginshiƙin tsakiya su tarbi gungumen, su daidaita masa zama.

Ta ajiye roba a inuwar motar, ta hangi lebura huɗu suna nishi da buhu ɗaya, suna mayar da shinkafar Alhaji cikin a-kori-kura.

"Kai, Namadi, mi ya kawo shinkafar Magaji wurin gada? Ko ƙarfen naka ma tuwo yake ci?"

Ya yi mata bayani dalla-dalla, yana jin daɗin kansa. Buhu arba'in, kilo ɗari-ɗari.

Husaina ta ƙyalƙyale da dariya har ta dafa tayar motar.

"Kilo ɗari! Wayyo Inna, zo ki ga ɗanki ɗan birni. Kai ba ka ga hula ba?"

"Wace hula?"

Ta ja shi har gaban buhu, ta ɗora hannu kan wani ƙyallen leda da aka ɗinka a bakinsa, ya yi tozo.

"Ga ta. Buhun gaskiya tiya arba'in yake ci. Na Magaji kuwa sai an danna da taɓarya, an danna, ya cika ya tumbatsa, sannan a ɗinka mishi hula. Hamsin yake ci, aradu. Ni da nake turara shinkafa shekara talatin za ka gaya wa? Rubutun jiki ai na mai buhu ne."

Ta koma wurin robarta tana ta dariya.

Namadi ya ga hular nan jiya da idonsa. Ya ɗauka salon ɗinki ne. Ya tsaya cikin rana yana lissafi, bakinsa na motsi. Idan buhu ya ci hamsin, tan biyar suka rataya suka ce wa mita huɗu ne, ta kuwa yarda, don ba ta da wayon musu. To takwas ɗin da ta nuna ɗazu goma ce. Iyakar motar tara. Ya ɗaga kai ya dubi ginshiƙin tsakiya, siriri, tsaye cikin ruwa, ko wurin da mutum zai kauce babu.

Tsoro ya kama shi, sai kuma kunya ta biyo baya, kuma kunyar ta fi ƙarfi. Mutanen gari sun fara taruwa a gaɓa, har da mai unguwa da kujerarsa. Wata zuciyar ta ce masa, ai masu ƙera mota kullum suna barin rara, ka taɓa ɗaga abin da ya fi ƙima a Kaduna ba abin da ya faru, ka bi a hankali kawai. Wa zai sani? Ya saurari zuciyar nan fiye da yadda zai so ya faɗa wa kowa.

Aka kira salla. A sahu kafaɗarsa ta haɗu da ta Makau, mutum mai ƙashi, mai warin siminti da taba. Da aka sallame Makau ya juyo yana murmushi.

"Suruki, ka sauke muna shi a hankali fa. Ban iya ruwa ba."

Namadi ya tashi ko addu'a bai gama ba, ya sami Injiniya yana ɗaura takalmi.

"Injiniya, ba za mu ɗora ba. Saitin jiya ƙarya ne, kuma ni na jawo."

Shafi'u ya saurare shi har ƙarshe. Yaro ne a kan Namadi, an kuma matsa masa daga ofis, ranar nan kaɗai an aiko sau biyu. Ya share fuska da tafin hannu.

"Malam Namadi, kan maganar mai abinci zan tsayar da aiki? Ga mutane sun taru."

"Yayata ce. Ta fi ni sanin buhu, ta fi ka. A kawo duro ashirin, mu rataya su babu komai mu mayar da mita sifili, sannan mu cika su a rafi. Lita ɗari biyu-biyu, tan huɗu. Ruwa dai ba a yi masa hula."

Sai da la'asar ta yi aka gama cika su. Mutane suka gaji suka fara watsewa, wani yana cewa ashe ɗan Tsoho ɗiban ruwa ya koyo a birni. Namadi ya ji, ya hau motar. Ya ja ƙarfe, duro ashirin suka tashi suna ɗiga.

Mita ta nuna uku da ɗigo biyu.

Shafi'u ya daɗe yana kallon lambar. Sannan ya buɗe akwatin mitar ya gyara saitin da kansa. Suka koma kan gungumen, Namadi ya ɗaga shi kamu ɗaya. Goma. Injiniya ya ce sai an cike gaɓar an matso da motar, aikin kwana uku, shi zai san abin da zai gaya wa ofis.

Namadi ya sauko daga motar. A inuwar motar Makau na zaune yana suɗe kwano, yana ƙorafin an hana shi hawa ginshiƙi bayan ya ci alwashi a gaban abokansa. Husaina ta harare shi, ta juyo ga ƙanenta.

"Kai kuma tun rana ba ka sa komai a ciki ba. Wai mi ya faru ne aka fasa?"

"Mita ce, Yaya. An gyara."

Ta zuba masa shinkafa da wake, ta danna da bayan cokali, ta ƙara wani a kai har ya yi tozo.

"Yaya, ya yi yawa."

"Ci dai. Hula ce na yi maka."

Ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya zauna kusa da Makau. Ya kai loma ɗaya baki yana kallon ginshiƙin tsakiya.