Mun Mari Ɗahiru

Ɗahiru yana tsaye a kan 'yan dako suna ɗinke bakin buhunan albasa sa'ad da Shafi'u ya ratso ta tsakanin rumfuna, waya a hannu, fuska a ɗaure kamar mai kawo labarin rasuwa. Rumfarsu ɗaya a kasuwar Goronyo tun suna samari, kuma duk wanda ya san Shafi'u ya san ba ya ɗaure fuska sai ya samo abin da zai yi masa daɗin faɗa.

"Aje wanga aiki ka zo ka gani," in ji Shafi'u. "Amma ka riƙe zuciyarka."

Suka koma inuwar wata tirela da ake lodi. Shafi'u ya kare hasken rana da tafin hannu, ya danna wayar. Wani aji ne mai farin fenti, fankoki suna juyawa a sama, samari da 'yan mata zaune a kujeru. A gabansu kuwa Mahbuba ce tsaye, matar Ɗahiru, cikin hijabin nan ruwan toka da shi da kansa ya sayo mata a Sakkwato. Ta yi haske, har kumatu ta ajiye. Wani dogon saurayi ya ɗaga hannu ya jefo mata tambaya da Faransanci. Ta rufe baki da bayan hannu ta yi dariya, sannan ta gyara tsayuwa ta amsa. Cikin duk abin da ta zubo, kunnen Ɗahiru abu ɗaya ya kama, kuma ya kama shi sarai.

"Mun mari Ɗahiru."

Ajin ya kwashe da dariya. Dogon nan har da tafi. Ta ɗaga murya a kan dariyar ta sake faɗa, mun mari Ɗahiru, ta ƙara da wasu kalmomi, hoton ya yanke.

"Ka jiya ko?" in ji Shafi'u. "Ƙanwata Sauda ta ɗora shi ga wayarta, wai ƙawarta ta zama Bafaransa. Ni dai ban jin yarensu, amma wanga kam Hausa ta. Ita da wa sunka mare ka, shi na ban sani ba."

Ɗahiru ya ce a turo masa. Ya koma bakin rumfa ya zauna a kan buhu, ya kalla, ya sake kalla, har 'yan dako suka gaji da jiran umarni suka ci gaba da aikinsu yadda suka ga dama.

Ba marin ne ya fi ƙona shi ba, don ya san ba wanda ya taɓa masa kunci. Sunan ne. Tun da aka ɗaura musu aure Mahbuba ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a ɗaka, ko da wasa. Maigida take cewa. Ko wani Ɗahirun za ta ambata sai ta kewaya ta ce mai sunan maigida. Yau ga shi ta ɗauki sunan nan gatsau ta ajiye a gaban ƙartin wata ƙasa, suna ta darawa. Ga kuma dariyar tata, wadda take rufe baki da bayan hannu. Shi a zatonsa wannan dariyar ta cikin gidansa ce.

Gaskiya dai ba wanda ya tilasta masa. Tana karatun Faransanci a jami'a a Sakkwato ya aure ta, kuma mahaifinta, wani dattijon malami a Wurno, sharaɗi ɗaya ya sa, cewa za ta ƙare karatunta. Da jami'ar ta zaɓe ta cikin ɗaliban da za a yi musaya da su, na nan su tafi Lome ta ƙasar Togo su goge harshe, na can su zo Sakkwato, Ɗahiru ya amince a gaban mutane, da ƙarfin murya ma. A lokacin abin ya yi masa daɗi. Ya yi mako yana gaya wa duk wanda ya zo taya albasa cewa iyalinsa za ta ƙasar waje. Sai da ta tafi ya gane alfahari na rana ne, da magariba mutum shi kaɗai yake komawa gida.

Daga nan abubuwa suka riƙa taruwa kaɗan-kaɗan. In suna waya sai wata kalma ta suɓuce mata, ta ce "dakor" a maimakon to, ta yi dariya ta gyara. Wani lokaci ya ji muryar namiji a bayanta, ta juya ta amsa da yaren nan mai fita ta hanci, sannan ta dawo masa da Hausa kamar wadda ta sauko daga bene. Ji yake kamar an gina sabon ɗaki a cikin gidansa an hana shi mabuɗi. Kishi yake yi, kishi mai cin rai, amma bai taɓa faɗa ba, don shi ne fa mutumin da ya amince a gaban jama'a. 'Yan rumfa kuwa ba su rage masa komai ba. Da ya iso da safe sai wani ya ce ga mijin Madam, ya Faransa, ya kwanan gwauro.

Ya yi tunanin kiran Sauda ta fassara masa, tun da ajinsu ɗaya a Sakkwato, sai ya tuna ƙawar Mahbuba ce, rufa mata za ta yi. Ya san mako mai zuwa ne jarrabawarsu ta ƙarshe a can. Mahbuba ta sha gaya masa cewa wanda bai zauna ta ba, zaman da ya yi duk ya tashi a banza, sai ya maimaita shekara, kuma jami'a ba ta sake tura shi ko'ina. Ya san wannan sarai sa'ad da ya zagaya bayan tirela, ya kara wayar a baki ya danna saƙon murya.

"Mahbuba, ni na ba ki izini, kuma yau na janye shi. Ki haɗa kayanki ki kamo hanya gobe. Kar ki ce mani jarrabawa, kar ki ce mani komi. In gobe ta wuce ba ki taso ba, to in kin tashi dawowa ki zarce Wurno."

Ya tura. Ya ji wani sanyi-sanyi a ƙirji irin na wanda ya yi abin maza, ya jefa wayar a aljihu ya koma kan buhuna. Har ya daka wa wani ɗan dako tsawa a kan ɗinkin da ba shi da laifin komai.

Bayan an sauko daga azahar Alhaji Sa'adu ya iso duba kaya. Mutumin Madawa ne ta Nijar, ya daɗe yana saye a hannun Ɗahiru, mutum mai yawan fara'a da son labari. Ya tarar Shafi'u ya tara 'yan rumfa uku yana nuna musu hoton, don abin da Shafi'u ya ce wa mutum ya riƙe zuciyarsa a kai ba ya kwana bai zaga kasuwa ba. Alhaji Sa'adu ya leƙa ta kafaɗarsu. Dogon saurayin yana gama tambayarsa Alhaji ya yi murmushi, Mahbuba tana amsawa ya tuntsire da dariya, daidai inda 'yan ajin suka yi tasu.

Wannan dariyar ta fi ta cikin wayar zafi. Ɗahiru ya taso.

"Alhaji, kai kuma mi ya ba ka dariya?"

"Wagga yarinya mana. Bakinta ya faɗa ƙwarai, ka ce can anka haife ta." Alhaji Sa'adu ya share ido da gefen rawani. Bai san ko matar wa ce ba, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa. "Ai na ɗan yi lakwal, bokonmu na can, kafin in faɗa albasa. Wanga takwaran naka da take faɗi ya yi sa'ar mata."

"Sa'a? Wanda anka mara?"

"Wane mari?"

"Ga shi tana faɗi da bakinta. Mun mari Ɗahiru."

Alhaji Sa'adu ya dube shi, ya dubi sauran, sai ya dafa buhu don kada dariya ta kayar da shi. Da ƙyar ya samu numfashi.

"Ba mun mari ba, ɗan'uwa. Mon mari. Mijina ke nan da Faransanci. Mijina Ɗahiru. Maido shi baya ka ji." Shafi'u ya mayar. "Yawwa. Da alama an sa kowa ya ba da labarin gidansu na. Wanga dogo ya ce mata, ke da aure, mijinki ya bar ki kin zo nan ke ɗai, ba ya kishi? Ita ko tac ce, mijina Ɗahiru ba shi da kishi. Shi na sunka yi dariya, don ba su yarda akwai irin wanga namiji ba. Ka ga inda ta ɗaga murya? Cewa ta yi, mijina Ɗahiru shi ya ɗauki jakata da kainai har tasha, kuma ya yarda da ni." Ya girgiza kai. "Ni kam, wallahi, da tawa ta, ban iyawa. Ko Ƙonni ta tafi biki sai na bi sawu."

Shafi'u ya tuna wai yana da mai saye yana jiransa a layin tattasai, ya sulale. Sauran suka shiga duba buhunan da sun riga sun duba.

Mutum zai ce a nan kishin Ɗahiru ya mutu. Bai mutu ba, wuri ya sauya. Kunya ta rufe shi, i, amma a ƙarƙashinta yana kallon bakin Alhaji Sa'adu yana jin haushi. Baƙo daga wata ƙasa, ji ɗaya ya yi wa matarsa ya gane ta har ya yi dariya a inda ya dace, shi kuwa da ya biya sadaki ya saurara ya fi a ƙirga, mari kawai ya tsinta. Sai kuma saƙon da ya tura mata ya faɗo masa a rai.

Ya bar Alhaji a tsaye ya zagaya bayan tirelar, yana neman ya goge saƙon kafin ta buɗe. Alamar da ke gefensa ta riga ta koma shuɗiya. A ƙasa akwai amsarta, a rubuce, gajeriya: "Na ji, Maigida. Allah ya kai mu goben."

Ya kira. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Salamu alaikum," in ji ta. Muryarta a daƙushe, irin ta wadda ta yi kuka ta wanke fuska.

"Mahbuba, kina ina?"

"Ina ɗaki, ina ninke kaya."

"Bar su. Ki zauna ki yi jarrabawarki. Wancan saƙo, ki ɗauka ban yi shi ba."

Yana jin ƙarar fanka daga can, daga nan kuma 'yan dako suna kiran a miƙo buhu.

"Mi ya faru, Maigida? Laifin mi na yi?"

"Ba ki yi komi ba. Wani hoto na gani, na ajinku. Na ji wata magana ban gane ta ba."

"Wanda Sauda ta ɗora?"

"Shi."

"Da ka tambaye ni."

Ya sake cewa ta zauna, ya ce ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba, ya ce ko kwana nawa jarrabawar za ta ci ta zauna. Ta bar shi ya gama.

"To," ta ce. "Sai dai na riga na tafi wurin malamar da ke kula da mu, na gaya mata gobe zan koma gida. Ta riƙe hannuna tana ta tambaya, wai mi ya yi zafi haka ana saura kwanaki."

"Kin ce mata mi?"

"Na ce Inno ta ba lafiya."

Inno mahaifiyarsa ce, kuma da safen nan ya baro ta garau tana ba awaki dusa.

"Inno kuma? Don mi za ki ce haka?"

"To mi kake so in ce?" Ba ta ɗaga murya ba. "Shekaranjiya na tsaya gaban mutane, malamar ma tana zaune, na ce mijina ba shi da kishi."

Ɗahiru ya jingina da jikin tirelar. Zafin ƙarfen yana ratsa rigarsa, bai matsa ba.

"Bari in yi sauri kafin ta tashi daga ofis," in ji Mahbuba. "In gaya mata Inno ta samu sauƙi."

Ta kashe wayar.