Shatin Hannun Dalhatu

Dorina ta riga ta fasa bayan Dalhatu kafin Sallau ya kutsa cikin taron. An ɗaure shi a jikin tulin katako, rigarsa a yage, wani dogari yana zabga masa kamar mai sussukar gero. Sallau maƙwabcinsa ne, danga ɗaya ta raba gidajensu, kuma tare mai gari ya kwaso su aikin dole, shekarar da ake jan layin dogo ta Gagarawa.

Dokar wurin, ba mai sauke kwandon ƙasa sai an buga ƙarfen tashi, ƙarfen kuwa ba ya kuka sai rana ta yi ja. Azahar ta wuce, la'asar ta bi bayanta. Sai Dalhatu ya riƙa zamewa bayan tudun da ake ɗagawa, ya yi taimama tunda ruwan sha ma da ƙyar ake ba su, ya yi sallarsa a gurguje. Ba wanda ya tona shi sai Barau, ɗan ƙauyensu da aka ɗora a kan ma'aikata. Kai, Barau! Tun ranar da mutane suka tura Dalhatu gaban sahu, alhali uban Barau ne tsohon liman, yake ƙullace da shi. Shi ya ja Baturen aiki har gindin tudu, ya nuna masa shatin tafin hannu a kan yashi, ya ce ga mai koya wa jama'a ƙin aiki.

Da dogari ya tsaya ya huta, Barau ya tsuguna a gaban Dalhatu.

"Malam, abin ai mai sauƙi ne. Ka ce ƙarfe na gaba da salla, kowa ya ji, a kwance ka."

Sallau ya zube yana roƙon maƙwabcinsa ya faɗa. Ya ce Allah zuciya yake dubawa, wanda aka tilasta ba shi da laifi, ya ce masa ya tuna da matarsa Rakiyya da 'ya'yansa. Dalhatu ya tofar da jini, ya dubi mutanen da suka yi cirko-cirko da kwanduna a ka.

"Na sani, Sallau. Amma waɗannan bayana suke bi."

Barau da kansa ya karɓe dorinar. Ya doke shi a wuya, a fuska, ya haure shi a haƙarƙari har aka ji ƙas. Bature ya ga mutum ba zai sake ɗaukar kwando ba, ya ce a kawar da shi.

A kan jakin aro Sallau ya kai shi gida, yana tafe yana kuka, yana tsine wa Barau a fili. Rakiyya ta wanke ciwon da ruwan bagaruwa, amma jinin daga ciki yake zuwa. Kashegari Dalhatu ya buɗe idon da bai kumbura ba, ya tambaya ko rana ta karkata. Jikinsa ba wurin da ruwa zai taɓa, don haka Sallau ya ɗebo yashi a faifai ya ajiye a gefen tabarma. Dalhatu ya ɗora hannuwansa a kai, suka ƙi ɗaguwa. Sallau ya ɗaga masa su, ya shafa masa a fuska. Dalhatu ya yi kabbara daga kwance, bai kai sallama ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Sallau ya shiga ɗauko tabarmar zaman makoki. Ya tarar da Rakiyya tsaye a bakin ɗaki, ta zo ɗaukar faifai za ta sheƙe geron sadaka. Shatin hannuwan na nan a kan yashin, yatsu goma, da ɗigon jini a wajen babban yatsa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta saki asabarin ƙofa a hankali, ta je bakin danga, ta kira Sabuwa, matar Sallau, ta ara mata nata faifan.