Taken Bawa a Gidan Likita

Ni Umaru, na yi lodin kaya a Legas, na yi sayar da agogo a Jidda, yanzu kuma ina gadin wani sito a garin Laurel, nan ƙasar Turawa, don haka ba kasafai abu ke sa ni sakin baki ba. Amma ran Asabar ɗin nan na sake shi.

'Yata Ilham da Misbahu, ɗan Dokta Rilwanu, sun shekara biyu suna haɗa albam na rawa. Su biyu ne kawai, ba makaɗi ko ɗaya, sai kibod da wasu tsofaffin na'urori da suke bi kasuwar gwanjo suna saya. Wai kiɗan zamaninmu suke so su dawo da shi, irin wanda muke ji a rediyon tasha muna samari. Ni dai da na ji, sai na ga kamar an sa wa tsohuwa gazal, amma yara suna so.

Matsalar ita ce Dokta. Tun da Misbahu ya ajiye karatun injiniya bai ƙara yi masa dariya ba. Ya ce sai ya ji albam ɗin da kunnensa, in akwai abin kunya a ciki, ba za a sake shi da sunan gidansa ba. Misbahu kuwa ya rantse ba zai saki komai ba sai da yardar ubansa. Ilham ta rame. Ranar Juma'a mai zuwa suka sa za su ɗora shi a intanet.

Bayan la'asar muka taru a ɗakin ƙasa na gidan Dokta a garin Mitchellville. Aka sauko da mahaifinsa, Alhaji Maitama, tsoho ne da ya haura tamanin, an kawo shi daga Gusau don a duba masa ƙafa. Mun san shi da tazbaha da shiru. Tsohon dillalin fata ne, ya kuma yi ladanci a unguwarsu.

Waƙa ta fari ta wuce, ta biyu ta wuce. Hajiya Mubina, matar Dokta, har tana kaɗa ƙafa a ɓoye. Dokta ya harɗe hannu kamar mai jiran sakamakon jini.

A ta huɗu sai na ji kalangu ya ɓullo daga ƙarƙashin kibod. Na gane shi. Wani kaset ne na kiɗan dambe da na saya a tasha tun kafin a haifi Ilham, ta tono shi a garejina.

Tazbahar Alhaji ta faɗi ƙasa.

Na duba sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dokta ya taso da sauri, ya ɗauka ciwo ne. Tsohon ya ture shi da hannun hagu, ya miƙe tsaye ba sanda, mutumin da sai an riƙe shi yake shiga bayi. Ya fizgi wayar makirfo daga kan tebur, ya fara naɗe hannunsa na dama da ita, daga yatsu zuwa wuyan hannu, a tsanake, kamar jiya ya bari.

Ya ce, "Wa ya kira Bawa?"

Misbahu ya kashe sifika.

"Tambaya nake. Wa ya kira Bawa Ɗan Furera?"

Ilham ta ce da Turanci ita ce ta samo kiɗan, ta ji yana da daɗin rawa ne kawai. Na fassara masa, har da ƙarin ban haƙuri na kaina.

Ya ce, "Rawa. Umaru, kai ma ba ka gaya musu ba? Wannan take ne. Kowane ɗan dambe da nasa. Ba a kaɗa wa mutum takensa sai yana fili, kuma in an kaɗa, abokin karawarsa ake kira. To ga ni."

Dokta ya ce, "Baba, wane abokin karawa? Zauna don Allah, ƙafarka."

"Ƙafar nan ta tsaya gaban Bawa kaka uku a jere, bai kai ni ƙasa ba, ban kai shi ba. Mun sa ranar ta huɗu, mota ta kife da shi a hanyar Ƙaura. Ranar na kwance zare, ban sake naɗawa ba."

Dokta ya dubi matarsa, ya dube ni, kamar ni na ɓoye masa. Wallahi ni ma ranar na sani. Mutum ya kai shekara hamsin da ɗoriya, yana fiɗa wa Turawa ƙirji, bai san hannun da ya yi masa huɗuba ya taɓa karya haƙarƙari ba. Ya zauna a hannun kujera, ya ce a hankali, "Inna ta sani?"

"A fili ta fara ganina."

Sai Dokta ya juya kan ɗansa. Ya ce a cire waƙar, a ma dakatar da albam ɗin gaba ɗaya, ba za a riƙa tiƙar rawa a kulob da taken mamaci ba. Na ga Ilham ta sunkuyar da kai, ta dafa na'urar da ta saya da kuɗin aikin hutunta. Na buɗe baki zan roƙa, tsohon ya riga ni.

"Wa ya ce a cire? Kai Rilwanu, asibiti aka ba ka, ba fili ba. Bawa ya shekara sittin ba a kira shi ba, yarinyar nan ta kira shi, kai kuma ka ce a mayar da shi? Laifinsu ɗaya. Sun kaɗa nasa shi kaɗai. Duk Bazamfaren da ya ji zai ce Maitama ya ji kira ya noƙe."

Misbahu ya tattaro 'yar Hausarsa ya ce, "Kaka, naka yana ina? Akwai kaset?"

"Makaɗina ya rasu, ba a ɗauka ba. Kai ba makaɗi ba ne? Zauna."

Ya matsa kusa da kibod ya fara kaɗa takensa da baki, yana buga ƙirji da hannun da ya naɗe. Misbahu ya bi shi, ya kuskure. Tsohon ya ce, "Wannan ai kiɗan 'yan koyo ne, sake." Ya sake. Ilham ta share ido, ta janyo wani makirfon ta kafa masa a baki ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Sai ga Alhaji Maitama, ladanin unguwa, yana kirari da wata murya da ta sa Hajiya Mubina ta rufe bakinta da mayafi.

Dokta bai ce a ci gaba ba, bai kuma ce a bari ba. Ya daɗe yana kallon hannun ubansa. Can ya tashi ya ɗauko kujera ya ajiye a bayan tsohon, ko zai gaji.

Ya ce, "Baba, da an yi karawa ta huɗun, wa zai kai wani ƙasa?"

Tsohon bai waiwayo ba. Ya ce wa Ilham, "'Yar Umaru, sa na Bawa tukuna, shi ne babba. Nawa ya biyo baya. Ranar Juma'a a ba mutane su ji, su raba mana."