Harsashi a Ma'aikatar Ƙaiƙayi

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma tun da nake ban taɓa yin wanda aka yi mini wanka a cikinsa ba sai wannan. Amma bari in fara gaya muku wane ne Harsashi, kada ku ce tsufa ne ya fara taɓa ni.

Harsashi kare ne, dogo, siriri, cikinsa a ɗame, irin waɗanda mafarauta ke saki su yi tsere a fadama da rani. Na aminina ne, marigayi Bature. Shekara shida karnukan yankinmu ba su san fuskarsa ba, jelarsa kawai suka sani. Da ƙafa ta fara gaza masa aka ajiye shi. Kwana uku kafin Bature ya cika, ya riƙe hannuna ya ce, “Ilu, ga Harsashi nan, amana.”

Na kawo shi gida. Matata Saude ta kalle shi sau ɗaya ta raɗa masa Tsinke. Ni kuwa, don ta ga tsabtarsa ta bar shi ya zauna, kullum sai na wanke shi da garin sabulun wanki, har da soso. Ba a yi kwana goma ba ya fara susa, fatarsa tana zubar da wani farin gari kamar dusa. Sai na ƙara wankan ya zama safe da yamma. Saude ta ce kirci ne, ta ce jikoki na nan tafe hutu, kuma in Asabar ta yi yana susar nan, za ta tsayar da mai babur ɗin nan da ke yawo da keji yana sayen karnuka. Kowa ya san karen da ya shiga kejin nan ba gadi ake kai shi ba. Jiya Alhamis da wannan na kwanta a raina.

Sai ga ni a wani gari da rana tsaka, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tashi ya nufi sama, don haka mutanen garin sun juya lemarsu sun tsaya a ciki. Mata sun kife bokitai a kan igiyar shanya suna tara. Ban yi mamaki ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne wandona ya jiƙe kafin hulata.

Harsashi yana gefena, yana tafiya da ƙafa biyu, ya rataya jakar takardu.

“Malam Ilu, ɗaga ƙafa,” in ji shi. “Asabar ta taso.”

Na waiwaya. Can ƙarshen titi ga wata doguwar mace da lulluɓi, ta ɗauko keji a ka, tana tahowa ba gaggawa. Duk taku uku sai ta ce “fom-fom”, irin na odar babur.

“Wannan ce Asabar?”

“Ita ce. Juma'a ta ɗan tsare ta da gaisuwa, amma ka san Juma'a ba ta da doguwar hira.”

Sai ga mu a Ma'aikatar Ƙaiƙayi. Awaki ne ke aiki a wurin, kuma girman muƙami da tsayin wurin zama ake gane shi. Darakta, wani bunsuru mai gemu, yana saman kabad. Mataimakinsa yana kan firji. Wata jar akuya mai tabarau, wadda ba ta wuce tebur ba tukuna, ta miƙo mini takarda in cike. Na cike da kyakkyawan rubutu. Ta karɓa ta cinye.

“An shigar,” ta ce. “Ƙaiƙayin na gado ne ko na haya?”

“Ranki ya daɗe, kirci ne.”

“Kai ka gan shi?”

“Mai ɗakina ce ta ce.”

Darakta ya leƙo daga saman kabad. “To, a kira Kirci ya zo ya kare kansa.”

Wani ramammen tsoho ya shigo da ƙunshin kaya a hammata, yana huci tun daga bakin ƙofa.

“Ni dai na gaji!” ya ce. “Duk dabbar da ta sosa kunne a ƙasar nan, Kirci! Jaki ya yi birgima, Kirci! Ina da iyali fa. Ranka ya daɗe, gidan mutumin nan ko zaurensa ban sani ba.”

Aka sa ya rantse da gemun darakta, ya rantse, ya fita yana mita. Bayansa aka kira Ƙuma da matarsa Kaska. Sun yi kwalliya, sun zauna a gefen farantin shayi don a gan su.

“Gaskiya mun je neman haya a bayansa,” in ji Kaska. “Wurin ya bushe ƙarau, duk ya tsage kamar gindin tafki da rani. Na ce wa maigida, a nan za mu raini yara? Muka koma jikin karen maƙwabta.”

Nan take wata durowa ta buɗe, maƙwabcina Ɗanlami bakanike ya fito daga ciki har ƙugu, riƙe da galan. Dama a farke ma ya dame ni da shawarar nan.

“A shafe shi da baƙin mai!” ya ce. “Kwana biyu ya warke.”

“Kare ne ko injin markaɗe?” darakta ya tambaye ni.

“Kare ne, ranka ya daɗe.”

“A rufe durowar.”

Aka rufe. Darakta ya tauna gefen wani fayil yana tunani. Can ya ce, “Ba Kirci ba, ba Ƙuma ba, ba Kaska ba. Harsashi, wane ne ke taɓa fatarka safe da yamma?”

Harsashi ya sunkuyar da kai, ya yi ta gyaran jakarsa. Karen nan ko a mafarki ba ya tona asiri. Ni ma na kama kallon silin.

Sai aka yi sallama. Bokitina ne, shuɗin nan mai mariƙin waya, ya shigo da tafiyar agwagwa, soso na biye da shi. Ɗan banza! Shekara tara ina lallaɓa shi, da ya tsage ni na kai shi aka liƙe.

“Ni ne shaida,” in ji bokiti. “Sau biyu a rana, cokali uku na garin sabulu. Ranar Talata sau uku ya yi, don Hajiya Saude ta yi tsaki.”

“Haba, bokiti!” na ce.

“Gaskiya ce, Malam, ni ma hannuna ya bushe.”

Darakta ya buga kofato a kabad. “A yi masa yadda ya yi.”

Sai ga ni cikin baho a tsakiyar kasuwa, awaki bakwai sun naɗe hannun riga. Suka zuba garin sabulu, suka dirje ni tas, suka ɗauraye, jar akuya ta duba agogo ta ce yamma ta yi, suka sake. Mutane suna wucewa suna gaishe ni, “Malam Ilu, ya wanka?” Ina amsawa, “Da godiya.” Da suka gama suka shanya ni a kan siminti.

Jama'a, ashe haka ƙaiƙayi yake! Ya fara daga gadon baya, daidai wurin da hannu ba ya kaiwa. Fatata ta ɗaure, ta yi fari fat, tana zubar da dusa, dusar tana tashi sama. Ban ankara ba ƙafata ta dama ta ɗago da kanta ta fara susar bayan kunnena, ni da ko tashi daga tabarma sai na dafa gwiwa.

Harsashi ya tsuguna kusa da ni. “Yi a hankali. Da farko daɗi, daga baya jini.”

“Me ya hana ka gaya mini?”

“Na gaya maka mana. Duk sanda ka ɗauko bokiti ina shigewa ƙarƙashin amalanke.”

“Na ɗauka ƙyuyar wanka ce.”

“To kai ma yanzu ƙyuyar wanka ke damunka?”

Kunya ta kama ni. Sai muka ji “fom-fom” a layin masu tumatir. Asabar ce, har ta iso kasuwa. Na zabura na kwasa da gudu, amma duk saurin da na ƙara sai in gan ni kusa da ita.

“Malam Ilu, a garin nan mai gudu baya yake komawa,” in ji Harsashi. “Ni da na yi shekara shida ina gudu, ina na kai? Zauna.”

Muka zauna a ƙasa. Ƙasar ta ja mu kamar tabarma, ta wuce da mu fadama, inda zomaye ke korar karnuka ana tafa musu, ta ajiye mu a gindin wata bishiyar kaɗanya.

Bature yana zaune a kan reshe, da tsohuwar rigarsa ta farauta, ya jefa fatsa sama cikin gajimare. Ya fi yadda na san shi ƙiba. Ya fizgo wani ɗan kifi daga gajimaren ya jefa wa Harsashi, sannan ya dube ni, ina tsaye fari fat ina susa.

“Ilu,” ya ce, “amana na ba ka, ba wanki ba.”

Wallahi sai na fashe da kuka. Hawayen suka bi goshina suka tashi sama.

“Tsoro nake, Bature. Na ga in ya yi tsabta sosai Saude za ta bar shi. Shi kaɗai ya rage mini daga gare ka. In na ji tafiyarsa a tsakar gida sai in ji kamar kai ne za ka yi sallama.”

“To shi ne za ka kankare shi kamar tukunya? Irin karnukan nan ba kitse, ba gashin kirki, fatarsu kamar ɓawon albasa take. Ni a wata sau ɗaya nake masa wanka, da ruwa zalla. Kullum da yamma in shafe shi da man kaɗanya, in murza har ya yi barci. Kuma bai taɓa kwana a siminti ba, tsohon bargona ne shimfiɗarsa.”

“Me ya sa ba ka gaya mini duk wannan ba?”

“Ina da aiki a lokacin, mutuwa nake yi.”

Ya tsinko wani curin man kaɗanya daga reshen ya jefo mini. Na cafe. Man ya narke a tafin hannuna, ya bi ta tsakanin yatsuna ya tashi sama, ɗigo-ɗigo. Na yi tsalle, na kai hula, ban kama ko ɗaya ba. Da na duba reshen, Bature ba ya nan, sai fatsarsa tana lilo.

“Salamu alaikum,” in ji wata murya a bayana. “Fom-fom.”

Asabar ta sauke kejin a ƙasa ta buɗe ƙofarsa. Ba ta da mugunta a fuska, aikinta take yi. Harsashi ya cire jakarsa ya miƙo mini, ya sauka a kan ƙafa huɗu.

“Ka gaida Hajiya,” ya ce. “Ka ce Tsinke ya gode da ƙanzo. Ta ɗauka ban san ita ke ajiye mini a bayan murhu ba.”

Ya nufi kejin yana ɗingishi. Na so in riƙe shi, hannayena duka biyu suna bayana suna susa, sun ƙi dawowa. Sai na buɗe baki iya ƙarfina: “Man kaɗanya! Jama'a, a taimake ni da man kaɗanya! Ba kirci ba ne, ni ne! Bokiti ya faɗi gaskiya!”

Asabar ta dube ni, ta zaro cokali daga lulluɓinta, ta fara kankarar ƙasan kejin. Ƙwar, ƙwar, ƙwar.

Ƙwar, ƙwar, ƙwar. Na buɗe ido. Gari ya fara haske. Saude ce zaune a bakin gado, tana kankare gwangwanin man kaɗanyarta da cokali tana zubawa a murfin kwano.

“Ka hana ni barci da ihu,” ta ce, ko kallona ba ta yi ba. “Kai da bokiti da man kaɗanya. Tashi ka yi salla. Ga shi nan, ni dai ba zan taɓa karen nan da hannuna ba. Sabuluna kuma na ɓoye, ka ƙarar mini da shi a kan Tsinke. Tsohon bargon nan ma na jefa masa.”

Na zauna ina susar wuya. “To, gobe fa? Gobe Asabar.”

Ta rufe gwangwanin ta miƙe.

“Malam, Asabar ɗin wane mako na ce maka?”